Wa Ke Riƙe da Akalar Ilimin Yahudawan Amurka? Martani ga Berman

Tun da littafin Lila Corwin Berman, The American Jewish Philanthropic Complex, ya fito a 2020, masu nazarin ayyukan agaji da dama suka rungumi wani ra'ayi da nake ganin ya zarce inda hujja ta tsaya: wai gidauniyoyin attajirai 'yan ƙalilan ne ke tsara wa Yahudawan Amurka yadda za su ɗauki kansu. Tarihin da Berman ta kawo ba ni da ja a kansa. A da, haɗakar ƙungiyoyin agaji irin wadda aka fara a Boston a 1895 kan tara gudummawa duk shekara ta rabar. Daga baya dokokin haraji, musamman gyaran 1969, suka ƙarfafa ajiye dukiya a matsayin waƙafi, iko ya tattaru a hannun masu hannu da shuni. Inda muka raba gari shi ne a ce wanda ya mallaki cibiyoyi ya mallaki mutane ke nan.

Kowa a wannan fage ya san mafarin lamarin. Wani bincike kan Yahudawan Amurka a 1990 ya ba da rahoton cewa kashi 52 cikin ɗari na Yahudawan da suka yi aure a shekarun da suka gabace shi sun auri wanda ba Bayahude ba. An rage adadin daga baya, amma tuni hankalin shugabanni ya tashi. Kalmar "ɗorewa" ta shiga bakin kowa. A 1999 Charles Bronfman da Michael Steinhardt suka kafa shirin Birthright, mai kai matasa Isra'ila kyauta na kwana goma, kuma dubban ɗaruruwa sun je. Gidauniyar Jim Joseph ta biyo baya a 2006 da dukiya mai yawa don ilimi. To, in da kuɗi ke sassaƙa zukata, da auren waje ya ragu. Cibiyar Pew ta samu kashi 58 a 2013 tsakanin sababbin ma'aurata, sannan kashi 61 a 2020.

Misalin makarantu ya fi wannan ƙarfi. Gidauniyar AVI CHAI, wadda Zalman Bernstein ya kafa a 1984, ta shafe shekaru tana zuba kuɗi a makarantun yini na Yahudawa, inda yaro ke haɗa boko da Ibrananci da Attaura. Ƙidayar da ita kanta ta ɗauki nauyi ta nuna ɗalibai kusan dubu 184 a 1998, suka kai kusan dubu 292 bayan shekara ashirin. Sai dai mafi yawan ƙarin ya fito ne daga gidajen Haredi, masu tsananin riƙo da addini da yawan haihuwa, waɗanda za su kai 'ya'yansu yeshiva, wato makarantar addini, ko da tallafi ko babu. Makarantun waɗanda ba 'yan Otodoks ba, su da ake fargabar ɓacewar jikokinsu, raguwa suka yi. Da wuya a karanta wannan a ce al'umma tana tafiya inda attajiri ya nuna da yatsa.

Berman na da amsa, kuma ita ce mafi nauyi. Za ta iya cewa ƙarfin mai bayarwa ba ya rataya a kan cin nasarar shirinsa. Ƙarfinsa shi ne ya zaɓi tambayar da kowa zai tsaya yana amsawa. Wa ya yanke cewa za a auna lafiyar al'umma da wanda 'ya'yanta suka aura, maimakon da iliminsu, ko da halin da talakawansu ke ciki? Ba a kaɗa ƙuri'a a kan haka ba. Malamin da ke neman tallafi dole ya rubuta buƙatarsa da harshen da gidauniya ke ji. Har ma'aunin ma bai kuɓuta ba: binciken da ya fi shahara kan Birthright, wanda Leonard Saxe da abokansa ke yi a Jami'ar Brandeis, ya nuna waɗanda suka je sun fi auren Yahudawa a kan waɗanda suka nema ba su je ba, alhali cibiyar bincike ɗaya da Saxe ke jagoranta da kyautar Steinhardt aka kafa ta, sunansa take ɗauke da shi. Ba ina zargin kowa da murɗe alƙaluma ba ne. Tsarin kwatancen yana da ma'ana. Amma dukan ɓangarorin biyu matasa ne da suka riga suka ɗaga hannu, saboda haka bai gaya mana komai ba kan wanda bai taɓa nema ba. A nan na yarda da Berman, kuma dole in taƙaita da'awata: gidauniyoyi sun riƙe akalar tambaya da ma'auni na tsawon lokaci. Halayen jama'a ne ba su riƙe ba.

Ko wannan riƙon ma, a ganina, bai ɗore yadda ake zato ba. A duba PJ Library, wanda Harold Grinspoon ya fara a yammacin Massachusetts a 2005, yana koyi da shirin littattafan yara na Dolly Parton. Duk wata littafi kan iso gida ta gidan waya da sunan yaro a jiki, labarin bikin Hanuka ko na daren Asabar, uwa ko uba ya karanta masa kafin barci. Ƙofar a buɗe take ga gidan da ɗaya daga iyaye ba Bayahude ba ne. Birthright ma na karɓar matashin da ɗaya cikin iyayensa ne kaɗai Bayahude. Wato gidajen da aka ɗauka asara a 1990 su ne aka koma ana lallashi. Jama'a sun yi gaba, kuɗi ya bi sawunsu. Pew ta kuma gano cewa matasan da aka haifa a irin waɗannan gidaje sun fi na zamanin baya kiran kansu Yahudawa, ko da yake ba zan jingina wannan ga wata gidauniya ba, don alƙaluman ba su bambance dalilai ba.

Akwai kuma abin da labarin tara waƙafi bai cika bayyanawa ba. Gidauniyar Andrea da Charles Bronfman ta ƙarar da dukiyarta ta rufe a 2016 da gangan, AVI CHAI ta daina ba da tallafi a Arewacin Amurka a ƙarshen 2019. Shirye-shiryen da suka bari yanzu suna neman masu riƙo, kuma wanda iyaye suka yarda su biya wa daga aljihunsu shi ne zai nuna ko buƙatar tasu ce tun asali.