Hasumiyar teku: mu da ba mu da teku, ina muka samo kalmar?



Kwanan nan wani ɗan lakwal ya tare ni da tambaya: yaya ake ce wa "phare" da Hausa? Direbobinmu sun san shi da fitilar mota, amma asalinsa dogon gini ne a bakin teku, da wuta a samansa, don matuƙan jirgin ruwa su hango gaɓa da dare. Sunan ya fito daga tsibirin Faros na Iskandariya a Masar, inda aka gina shahararriyarsu wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsayinta ya kai mita 100. Girgizar ƙasa ta rushe ta, daga baya Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwa a gurbinta a 1477.

Na ce masa: hasumiyar teku. Ya yi dariya, wai ai hasumiya ta masallaci ce.

To, a nan batun yake. Balarabe yana kiran hasumiyar masallaci da ta bakin teku da suna guda, manara, wato wurin haske. Tamu kalmar kuma daga Larabci take, "sauma'a", sunan da mutanen Magrib ke kiran hasumiyar masallaci da shi.

Kakanninmu ba su ga teku ba, amma sun san aikin. Hasumiyar Agadas, mai mita 27, da aka gina a 1515 aka sabunta a 1844, daga nesa ayarin raƙuma ke hango ta su san sun iso gari. A Katsina kuwa, Gobarau ta yi kiran salla, ta kuma yi gadi, daga samanta ake hango mahara tun ba su iso ba. Mai tafiya cikin rairayi da mai tafiya cikin ruwa buƙatarsu ɗaya: alamar da za ta hana su ɓata.

Don haka malaman lakwal da masu fassarar labarai a rediyo, in kun ci karo da "phare", kada ku bar yaro yana zaton fitilar mota ake nufi. Ku ce hasumiyar teku, ku ba shi misali da Agadas, zai gane.

Ku a garinku me tsofaffi ke kiran irin wannan gini? Ku faɗa mana.