Manuniya a wasan Letterboxing

Manuniya a wasan letterboxing ita ce bayanin da mai ɓoye akwati ke bayarwa domin wasu su gano inda ya ajiye shi. Letterboxing wasa ne na fita daji ko wuraren shaƙatawa a nemi ƙaramin akwati da ruwa ba ya shiga, mai ɗauke da hatimin roba da ɗan littafi. Wanda ya gano akwatin yakan buga hatimin a littafinsa, ya buga nasa hatimin a littafin akwatin, sannan ya mayar da shi yadda ya tarar. Aikin manuniya biyu ne: ta kai mai nema wurin, ta kuma hana akwatin faɗawa hannun wanda zai ɗauke shi.

Tarihi

Wasan ya samo asali ne a Dartmoor da ke yankin Devon na ƙasar Ingila. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool domin baƙi su riƙa saka katinsu. Da akwatuna suka yi yawa, sai masu wasan suka riƙa tattara manuniya a kundi, kuma a al'ada sai wanda ya gano akwati 100 ke samun kundin. A watan Afrilun 1998 mujallar Smithsonian ta buga labarin wasan, daga nan ya bazu a Amurka. A can an fi sanya manuniya kyauta a intanet, a shafuka irin su Letterboxing North America da Atlas Quest. Wannan ya bambanta da geocaching, wanda aka fara a shekarar 2000, inda ake dogara da lambobin GPS.

Yadda ake tsara manuniya

Mafi sauƙi ita ce kwatance kai tsaye: a fara daga gada, a yi taku kaza, a duba gindin dutse. A Dartmoor, inda itatuwa ba su da yawa, an fi amfani da kamfas. Akan ba da kusurwar duwatsu biyu ko uku da ake hangowa, inda layukan suka haɗu nan akwatin yake.

Wasu sukan sakaya bayanin cikin waƙa, labari ko kacici-kacici. Wasu kuma sukan yi rubutun sirri, misali a musanya kowane harafi da na uku a gabansa, A ta koma D. Akwai kuma akwatin da ba a faɗin garin da yake, sai mai nema ya fara warware wannan kurman baƙin kafin ya bar gida.

Hanyoyin isar da ita

Ba kowace manuniya ake wallafawa ba. Akwai wadda ake bayarwa baki da baki ga wanda aka amince da shi kawai. Akwai wadda ake ɓoyewa cikin wani akwati, ta zama tukuici ga wanda ya gano na farko. Wani lokaci akan raba ta gunduwa-gunduwa a akwatuna da dama, sai an gano duka kafin ta cika. Wata kuma yawo take yi: wanda ya tsince ta yakan kai ta wani akwati daban. Ana kiran ta da sunan tsuntsun cuckoo, mai ajiye ƙwansa a sheƙar wasu tsuntsaye. A Dartmoor ana kuma sayar da takardun manuniya domin tara kuɗin taimako.

Matsaloli

Manuniya tana tsufa. Itace kan faɗi, hanya kan sauya, kuma arewar da kamfas ke nunawa tana gusawa a hankali da shekaru. Tsawon taku ma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan bayanin bai fito sosai ba, masu nema sukan tattake tsirrai su birkita duwatsu, shi ya sa ƙa'idar wasan a Dartmoor ta hana ajiye akwati a wuraren tarihi. Idan kuma ya bayyana da yawa, akwatin bai cika daɗewa ba.