Gurbi, Doki da Kaigama: Sunayen da Ke Koyar da Dara

An ɗora wa kalmar dara kaya fiye da ƙarfinta. A Damari ta ƙasar Sabuwa, haka ma a Faskari da Ƙanƙara, in aka ce ana dara a gindin bishiya, sai ka ƙarasa wurin kafin ka san wacce ake yi. Akwai ta gurbi 12, layi biyu, wadda ake zuba 'ya'ya huɗu-huɗu ana kwasa ana rabawa, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa da oware ta mutanen Gana. Akwai ta gurbi 30, ta manya, wadda ake jera uku a ci. Diraf da ya zo da allonsa mai gida 100 shi ma dara aka ce masa, ces kuwa 'yan jarida sun raɗa masa darar Turawa, alhali ba Turawa suka ƙago shi ba. Hular dara, jar nan mai tuntu, ita suna kawai ya haɗa su.

Wannan cunkoso yana da illa. Almajirin da ya kai ƙarshen Risala zai tarar da hani a kan nardu da shaɗaranji, kuma sau da yawa duka biyun da dara ake fassara masa su. Nardu wasan jefa ƙwaya ne, sa'a ke jan ragamarsa. Shaɗaranji shi ne kakan ces. Darar gurbi 30 kuwa ba ɗaya ba ce daga cikinsu. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba, amma mai tambaya ya kamata ya san sunan abin da yake tambaya a kai.

Darar gurbi 30 ita ce wadda ta fi kama da yaƙi, kuma kayanta ba a sayensu. A share ƙasa, a danna gurabe layi 5, kowane layi gurbi 6. Ɗaya ya karyo tsinke 12, ɗaya ya tsinto tsakuwa 12 ko ƙwallon dabino. Bambancin kayan nan ba ado ba ne: tsinke a tsaye yake, tsakuwa a kwance, don haka ko magariba ta kawo jiki ido ba ya rikita naka da na abokin karawa. Da farko ana sakawa ne ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a wannan mataki ba. In an gama, 'ya'ya 24 sun zauna, gurbi 6 kacal suka rage a buɗe, kuma a kan waɗannan shidan ake duk rigimar. Tafiya taki ɗaya ce, gaba ko baya ko gefe, ba a ratse. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa guda. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda ya koma saura biyu ya mutu, tunda biyu ba sa zama uku.

A lura da kalmomin: gurbi, gida, ɗa, ci, toshewa, mutuwa. Gurbi na kaza ne, wurin kwanciya. Gida wurin zama ne da ake karewa. Yaron da aka ce masa abin da ke hannunsa 'ya'ya ne, ba sai an yi masa dogon bayani cewa ba a wurgar da su a banza ba. Har magana ta fita daga fagen ta shiga bakin kowa: dara ta ci gida, a ce wa wanda dabararsa ta juyo kansa, gidan dara, a ce wa zanen da ke kan zane ko takarda.

Sunan da ya fi duka koyarwa shi ne doki. Marubutan da suka tattara wasannin Afirka ta Yamma sun rubuta cewa Zabarmawa na kiran wannan wasa dili, Dakarkari ma suna yinsa, wasu Hausawa kuma doki suke ce masa ɗungurungum. A ganina sunan ya fito ne daga shirin da kowane ɗan dara ke mafarki. Ka sa 'ya'ya biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙarƙashinsa daidai da su, na biyar a gefensu. In ya hau sama ya cika uku, ka ci. In ya sauko ya cika wasu ukun, ka sake ci. Haka zai yi ta kai da komo har abokin karawa ya ƙare, sai fa in ya sami ɗan da zai cusa a gurbin da dokin ya bari. Wanda ya gane wannan kalma ya gane abin da ake nema tun daga sakawar farko, ya kuma gane dalilin da ya sa tsofaffi ke daɗewa suna shiru kafin su dasa tsinke ɗaya.

Littafin ƙa'ida kuwa 'yan kallo ne. Yaro ya miƙa hannu zai matsa tsakuwa, wani dattijo daga kan benci ya ce, "Kai ɗan nan, wa ka bar wa ƙofar?" Yaron ya janye hannu, ya ce, "Ban gani ba, Baba." A ce masa, "To ka gani yanzu." Mai wasa da shi ya yi ƙorafi cewa an shiga masa wasa, a yi dariya, a ci gaba. Haushin wannan katsalandan gaskiya ne, amma da shi kowa ya koya.

Inda babu irin wannan majalisa, dole a ƙera abin da zai maye gurbinta, kuma tarihin wasannin yaƙi na Turai ke nan. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan da mahaifinsa ya faro a kan teburin yashi. Sunansa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi, ba ƙari ba ragi. Ana yinsa a kan taswirar ƙasa ta ainihi, da 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ke ganin komai. Bayan Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 sauran ƙasashe suka kwaikwaya. A Amurka Charles Roberts ya fitar da Tactics a 1954 don farar hula, ya kafa kamfanin Avalon Hill, daga nan wasannin suka yi ta kauri har aka kai ga Advanced Squad Leader na 1985, wanda ƙa'idojinsa fayil guda ne mai nauyi. Sai a 2004 aka fitar masa da ƙaramin akwatin 'yan koyo, don sabon shiga ya daina guduwa tun daga bakin ƙofa.

Kayan taimakon da masu wannan wasa ke tarawa, in ka bi su ɗaya-ɗaya, kowanne aikin wani ɗan kallo yake yi. Katin taƙaita ƙa'ida da ake ajiyewa a gefe shi ne dattijon kan benci. Jadawalin sakamakon artabu, inda ake kwatanta ƙarfin mai kai hari da na mai tsaro a jefa ɗan lido a karanta abin da ya faru, shi ne alƙalin Reisswitz da aka mai da takarda. Saura kuwa maganin ƙanƙantar kaya ne: matsefata irin ta cire ƙaya don ɗaga 'yan kwalayen da aka jibga a gida ɗaya, gilashin roba don danne taswira, tire mai ɗaki-ɗaki don kada rundunoni su cakuɗe. Gidajen allon ma kusurwa 6 gare su, kamar saƙar zuma, saboda a gida mai kusurwa 4 wanda ya ratsa ya fi wanda ya miƙe cin ƙasa. Dara ta warware wannan matsala tuntuni ta hanya mai arha: ta hana ratse.

Sunan wasan yaƙi kansa ba zai shiga kunne da daɗi ba a ƙasar da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren Ƙanƙara a Disambar 2020. A nan ba a haɗa yaƙi da wasa a jimla guda. Dara ta fi shi ladabi, tana cin 'ya'ya ba tare da ta ambaci jini ba.

Ces ne ya fi kusa da isowa hannun yaran wannan yanki, ta makaranta da wayar salula, kuma a kansa matsalar suna ta fi fitowa. Asalinsa Indiya ne, wajen ƙarni na 6, da sunan caturanga, sassan runduna huɗu: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Farisawa suka karɓa, Larabawa suka ce shaɗaranji, suka bar giwa a giwarta, fil. Turawa ne suka mai da giwar limamin coci, suka mai da waziri sarauniya. Borno ma ta karɓi wasan, ta kira shi tsatsarandi, kuma ba ta tsaya aron suna ba: sarkin ya zama Mai, na kusa da shi Ciroma, na ƙuryar allo Kaigama, wato shugaban yaƙi. Ɗan Kanuri da ya ji waɗannan sunaye ya san wa ake karewa, wa ake turawa gaba, kafin a nuna masa tafiyar kowa.

Abin da Borno ta yi ba ya gagarar ƙasar Katsina. Malamin da ke koya wa yara ces a Damari yana iya liƙa 'yar takarda a gindin kowane ɗa. Sarki sarki ne, doki doki ne, na gaba dakaru. Na ƙurya mai tafiya a miƙe, Kaura ya dace da shi, tunda shi ne sarkin yaƙin Katsina. Limamin coci a mai da shi giwa yadda yake tun asali, ko ba komai yaro zai daina tambayar me liman ke nema a fagen daga. Sarauniya ce kaɗai zan bari yadda Turawa suka sa mata. Sabuwa na maƙwabtaka da jihar Kaduna, kuma wanda ya tashi yana jin labarin Amina ta Zazzau ba zai yi gardama ba in an ce masa mace ce ta fi kowa ƙarfi a allon.