Tallafin Gwamnati Domin Rage Hayaƙin Ababen Hawa

Gabatarwa

Hayaƙin da motoci da babura da a-daidaita-sahu ke fitarwa yana ɗauke da iskar kabon, wadda ke taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafin rana. Taruwarta na daga cikin musabbabin sauyin yanayi, wanda ke rikita lokacin damina ya kuma ƙara yawan ruwan sama mai ɓarna. Al'ummar Gwaram da Birnin Kudu sun san irin wannan ɓarna, domin a watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, aka rasa rayukan matafiya.

Tushen Shirin

A shekarar 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, Najeriya ta yi alƙawarin cewa zuwa shekarar 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba. A cikin wannan shekara ce Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi.

Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ware naira biliyan 100 domin sayen bas-bas 3,000 masu aiki da iskar gas ta CNG, sannan aka kafa shirin fadar Shugaban Ƙasa na wannan iska. A shekarar 2024 kuma aka ɗauke harajin VAT daga iskar, da kayan juya injin mota, da motoci masu aiki da lantarki.

Amfaninsa Ga Al'umma

Iskar CNG ta fi fetur araha, kuma kabon da take fitarwa bai kai nasa yawa ba. Idan kuɗin mai ya ragu wa direba, ana sa ran manomin da ke kai riɗi ko gero kasuwa zai ga sauƙin kuɗin mota. Sai dai wannan sauƙi ya dogara ne ga samun gidajen sayar da iskar kusa da jama'a. Shi ya sa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara aikinsa a 2020, yake da muhimmanci ga jiharmu. Haka nan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai reshe zuwa Dutse, wanda aka aza harsashinsa a 2021, domin jirgin ƙasa guda yana ɗaukar kayan manyan motoci masu yawa.

Jan Hankali

Muna kira ga direbobi da su sani cewa CNG dabam take da gas ɗin girki. Kada a ɗora wa mota tukunyar da aka haɗa a wurin walda, domin matsin iskar yana iya fasa ta. A nemi cibiyoyin da hukuma ta amince da su ta hannun shugabannin ƙungiyar direbobi na tasha.