Asalin Sunan Inabin Shiraz

Shiraz na daga cikin nau'o'in baƙin inabi da suka fi shahara a duniya, kuma yawanci jar giya ake yi da shi. Ya bambanta da inabin ci da ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna, ko wanda manoman Kudan ke nomawa. 'Ya'yansa ƙanana ne, fatarsu na da kauri, launinsu kuma ya yi duhu kamar na ɗinya. Faransawa na kiransa Syrah, mutanen Ostireliya kuwa Shiraz.

Wannan suna na biyu shi ya sa aka daɗe ana danganta shi da birnin Shiraz na ƙasar Iran, mahaifar mawaƙan nan Sa'adi da Hafiz, inda noman inabi ya daɗe da kafuwa. Har labari ya yaɗu cewa wani barden yaƙi ne ya taho da irin daga Gabas, ya dasa a tudun Hermitage da ke bakin kogin Rhône a Faransa. Wasu kuma suka ce daga birnin Sirakusa na tsibirin Sisili sunan Syrah ya samo asali. Duk waɗannan ba su da madogara sai kamannin lafazi.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a 1831 wani mutumin Sikotilan mai suna James Busby ya zaga gonakin Faransa da Sifaniya yana tattara rassan dashe, waɗanda suka isa birnin Sidni na Ostireliya a 1832. Wannan inabi na cikinsu, an rubuta shi da sunan Scyras. Manoman Ostireliya sun jima suna kiransa Hermitage, amma da yake wannan sunan yanki ne da dokar Faransa ta kare, sai suka tsaya a kan Shiraz.

Gardama ta ƙare a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Carole Meredith ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da masana daga Montpellier, suka binciki ƙwayoyin halittarsa. Sun gano cewa barbarar nau'i biyu ce ta haifar da shi: Dureza, baƙin inabi na yankin Ardèche, da Mondeuse Blanche, fari na yankin Savoie. Dukansu na kudu maso gabashin Faransa ne. Ke nan inabin Shiraz ɗan asalin Faransa ne. Suna kawai ya haɗa shi da birnin Iran.