Magungunan farfaɗiya

Magungunan farfaɗiya rukuni ne na magunguna da ake sha domin hana farfaɗiya tashi. Ba sa kawar da cutar daga tushe. Aikinsu shi ne rage yawan saƙonnin lantarki da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aikawa lokaci guda ba bisa tsari ba, wanda shi ne ke jawo faɗuwa da jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai.

Suna

Ana danganta kalmar farfaɗiya da aikatau "faɗi", wanda aka ninka farkonsa. Ta bambanta da jijjiga: yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjiga sau ɗaya ba lallai ne yana da farfaɗiya ba, kuma ba a ɗora shi a kan maganin kullum saboda wannan kaɗai.

Tarihi

A 1857 likita Charles Locock ya ba da rahoton amfani da gishirin buromayid a Ingila. Fenobabital ya biyo baya a Jamus a 1912, sai fenitoyin a Amurka a 1938.

Ire-irensu da illolinsu

Fenobabital shi ne mafi araha, shi ya sa ya fi yawa a ƙananan asibitoci. Yana sa barci da kasala, amma wasu yara sai ya sa su ƙiriniya da rashin natsuwa a aji. Fenitoyin, wanda ake sayarwa da sunan Epanutin, yana kumbura dasashi, yana ƙara gashi a jiki, idan ya yi yawa a jini kuma yana sa tangaɗi. Kabamazefin, wato Tegretol, yana kawo jiri da ganin abu biyu-biyu. Dukkan ukun kan jawo ƙuraje, wani lokaci masu tsanani da ke saɓule fata da cikin baki. Wannan na buƙatar asibiti nan take. Suna kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Balfurowet, wato Epilim, yana sa ƙiba, karkarwar hannu da zubewar gashi, yana kuma iya taɓa hanta. Babban haɗarinsa ga mai ciki ne: kusan jariri 1 cikin 10 da aka sha maganin da cikinsu ana haifarsu da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya. Duk da haka mai ciki ba ta daina shan maganinta da kanta, likita ne zai sauya mata.

Yankewar magani

Abin da ya fi waɗannan illoli haɗari shi ne daina shan maganin kwatsam, domin farfaɗiya na iya tashi ta ƙi tsayawa, har ta kai ga mutuwa. Haka ma mai azumin Ramadan ya kamata ya tuntuɓi likita a daidaita masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

A Kudancin Katsina

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, matsalar 'yan bindiga ta sa samun maganin kowane wata ya yi wuya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. Mai neman ƙwararren likita ko gwajin ƙwaƙwalwa yakan tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Da yawa kuma suna fara zuwa wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, saboda ɗaukar cutar a matsayin bugun iska. Ana kuma gudun yawun mai farfaɗiya, alhali ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa.