Tafiyar 1943: Yadda Abubakar Imam ya ƙi sa hannu a Landan

Duk wanda ya taso da karatun littattafan Hausa ya san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Amma in ka tambayi masu sayen littattafan soyayya a kasuwa ko sun taɓa riƙe Tafiya Mabuɗin Ilmi, da wuya ka samu ɗaya cikin goma. Littafin ya fito a 1944, kuma labarin wata ziyara ce da marigayi Alhaji Abubakar Imam ya kai Ingila shekara guda kafin nan. Ziyarar nake so mu waiwaya, domin abin da ya faru a cikinta ya fi abin da masu shirya ta suka yi nufi.

A 1943 Yaƙin Duniya na Biyu yana tsakiyarsa. Ingila na buƙatar sojoji da gyaɗa da kuza daga ƙasashen da take mulka, tana kuma buƙatar mutanen ƙasashen su yarda cewa yaƙin nasu ne su ma. Shi ya sa ake yawo da majigi ƙauye-ƙauye ana nuna finafinan farfaganda. Cikin wannan shiri ne hukumar British Council ta gayyaci editocin jaridu takwas daga Afirka ta Yamma: Nijeriya, Gwalkwas wadda ake kira Gana yanzu, Saliyo da Gambiya. Manufar ita ce su je su ga yadda Turawa ke jure wa bama-baman Jamus, su ga masana'antu da majalisa, su dawo su ba masu karatunsu labari. Tafiya ce ta jirgin ruwa, a lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke nutsar da jirage a tekun Atilantika. Ba yawon shan iska ba ne.

Daga Nijeriya akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot da ya kafa a Ikko a 1937. Akwai Isaac B. Thomas na Akede Eko, jaridar Yarbanci. Sai Imam, ɗan shekara 32, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East. Shi kaɗai ne daga Arewa.

To, shi Zik ba kallon gine-gine ya kai shi ba. A watan Agustan 1941 Churchill da Roosevelt sun fitar da sanarwar da ake kira Yarjejeniyar Atilantika, wadda ta amince cewa kowace al'umma na da ikon zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Ba a jima ba Churchill ya miƙe a majalisa ya nuna cewa maganar ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake yi, ban da 'yan mulkin mallaka. Wannan ya ƙona ran 'yan boko a Ikko da Ankara. Saboda haka Zik ya tsara takarda da sunan tawagar, aka miƙa wa ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka. Abin da ta nema: a soke tsarin mulkin gwamna kai tsaye, a yi shekara 10 ana gwamnatin wakilai, sannan shekara 5 ta cin gashin kai, daga nan 'yanci. In ka lissafa, 1958 ke nan.

Imam ya ƙi sa hannu.

Nan ne masu tarihi suka rabu. Wasu sun ce ai dole, tunda jaridarsa ta gwamnati ce, albashinsa daga hannun Turawa yake fitowa. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Amma ni a ganina maganar ta wuce albashi. Ku duba halin da Arewa ke ciki a lokacin: makarantar gaba da midil ɗaya tak, wato Kwalejin Katsina da aka mayar Kaduna, kuma yawancin akawuna a ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa 'yan Kudu ne. Mutumin da ya fito daga irin wannan wuri aka ce ya sa hannu kan ranar 'yanci, ba tare da an tuntuɓi kowa a gida ba, dole ya tambayi kansa: in Bature ya tafi, wa zai hau kujerar? Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, tsoron nan ba na mutum ɗaya ba ne. Shi ne ya sake tasowa a 1953 lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce sai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a Ikko, har abin ya kai ga tarzomar Kano.

Kuma kada a ɗauka Imam ya je ya yi ta "ranka ya daɗe" ne kawai. A wannan tafiya ya gana da Lugga, tsoho tukuf mai shekara 85, wanda ya ci Arewa da yaƙi shekara 40 kafin nan. Bayan haka Imam ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana matsalolin mulkin En'e da yadda ba a sauraren matasa masu ilimin zamani. Wato shi ma da ƙorafinsa ya je, hanyar ce ta bambanta da ta Zik.

Ma'aikatar ta yi watsi da takardar editocin. Zik ya dawo gida ransa a ɓace, kuma a 1944 aka kafa NCNC, shi ne sakatare, Herbert Macaulay shugaba. Imam kuwa yana cikin waɗanda suka taka rawa wajen kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Gana ta samu 'yanci a 1957, Nijeriya a 1960. Lissafin Zik bai yi nisa da gaskiya ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, an kwashi mutanen nan don su fahimci Bature, sai ga shi editoci biyu 'yan ƙasa ɗaya sun gano a Landan cewa su ne ba su san juna ba. Kowannensu na rubuta wa dubban mutane, amma ba wanda ya yi tunanin kai editan Pilot ya yi wata guda a Zariya, ko a kai na Gaskiya Ikko.

A matsayina na mai sharhin fim, duk sanda na tuna wannan labari sai in ga sin ɗin a idona: ɗaki a Landan, takarda kan tebur, alƙalami na zagayawa, ya iso gaban wani matashi mai rawani, ya ajiye shi. Furodusoshinmu na Kano da Kaduna sun fi gane wa labarin kishiya da rawa a gindin bishiya. Wanda duk ke son gwadawa, sai ya fara neman kwafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai.